Kunyar Ɗan Fari a Ɗaki Ɗaya

Ku matso kusa, manya da yara, ku ba ni aron kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi muku ba, don haka kada kowa ya ce ta zo mu ji ta. Abin da idona ya gani ne, ƙafata ta taka, a ƙasar da ko a mafarki ban taɓa zuwa ba. Ni ban san baƙi ba, ban san wasali ba. Mai rubutawa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Ni mutuniyar Babban Duhu ce, can cikin ƙasar Safana, ko da yake tun da daji ya ɓaci a Batsari nake zaune. Ina da 'yar fari. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, kun san dalili. Ku kira ta Malama, yadda 'yan makaranta ke kiranta. Gidanmu da jinin Fulani ta wajen uwata, kunyar ɗan fari a wurinmu ba abin wasa ba ce. Ana yaye ta yayar mahaifinta ta ɗauke ta zuwa Batsari. Ita ta riƙe ta, ita ta sa ta boko, ita ta aurar da ita. Tsakanina da ita sai gaisuwa daga nesa, kamar surukai. Ta zama malamar firamare a wani ƙauye bayan Tsaskiya, tana nan har lokacin da masu bindiga suka sa aka rufe makarantar, yara suka watse, awaki suka gaji azuzuwan.

Daga nan ne aka zaɓe ta zuwa Ingila, karatun digiri na biyu, na shekara guda. An ce malaman makaranta ake tarawa daga ƙasashe daban-daban, a zaunar da su a nuna musu yadda ciwon ilimi yake a faɗin duniya: yaran da ba su taɓa shiga aji ba, makarantun da yaƙi ya rufe, yaron da ake koya wa karatu da harshen da bai sha a nono ba. A ƙarshe kowa ya rubuta kundi a kan ciwon garinsu. Ita nata a kan yaran ƙauyukanmu ne da aka kora daga aji. Ta tafi da ƙaramin ciki ba ta sani ba. Mijinta malamin Islamiyya ne a Karare, ya nemi takardar bin ta bai samu ba. Da haihuwa ta zo, gwaggonta ce ya kamata ta je zaman jego, amma ita ɓarin jikinta ya shanye. Aka duba gabas, aka duba yamma, abin ya faɗo kaina.

Zangona na farko a ƙasar, filin jirgi ne. Wani mai kayan sarki ya jawo kare ya shinshina jakata, ina ji ina gani. Suka buɗe ta. Suka ɗauke man shanun da na tara don maijego, suka ɗauke kilishi, suka jefa a kwandon shara a gabana. Kanwa suka daɗe suna jujjuyawa, sannan suka bar mini ita, da garin gero, da kuka. Ba wanda ya zage ni. Murmushi ma suke yi. Amma ban taɓa jin an raina ni irin ranar ba, domin bakina yana nan amma ba shi da amfani.

Da na fito, wata doguwar mata baƙa mai dariya da dukan haƙora ta riƙe hannuna ta ce, “Mma, sannu da zuwa. Kai ne uwan Malama?”

Na ce, “'Yar nan, ni mace ce.”

Ta ce, “Na gan ka, Mma. Hausanmu na Gana haka yake, mace da namiji duka ɗaya. Ka yi haƙuri da ni.”

Sunanta Hajara, malama ce daga wani zango a ƙasar Gana, ajinsu ɗaya da Malama. Ita ta sa ni a jirgin ƙasa, ta kai ni wani gari a arewacin ƙasar, wanda har yau harshena bai iya sunansa ba.

Zango na biyu shi ne ɗakin, kuma a nan tafiyata ta tsaya.

Ba ɗaki ɗaya aka shirya ba. Tun cikin yana tsufa Malama ta nemi gida mai ɗaki biyu, don ta san zan zo. Wani mutumin ƙasarmu da ya daɗe a can, mai yawan salati da “'yar'uwa, 'yar'uwa”, ya nuna mata hotunan wani gida a waya, ya karɓi abin da ta tanada, ya ce makulli yana nan tafe. Makullin bai zo ba, shi ma wayarsa ta daina shiga. Ashe gidan ba nasa ba ne, kuma ba ita kaɗai ya nuna wa ba. Dole ta zauna a ɗakinta na gidan ɗalibai, hukumar gidan ta yi mata alfarmar in zauna tare da ita.

Bari in gwada muku ɗakin. Gado ɗaya, tebur da littattafai, taga da ba ta buɗuwa sai iyakar shigar hannu. In na shimfiɗa katifata a ƙasa, babu sauran wurin taka ƙafa. Banɗaki yana ciki, ɗan ƙarami, da ƙofarsa. Wurin girki kuwa na kowa da kowa ne, can ƙarshen wani dogon lungu mai ƙofofi iri ɗaya kamar an haife su rana guda. Ƙofar ɗakin tana rufe kanta da kanta, ba ta buɗuwa sai an nuna mata kati. Na taɓa fita zubar da shara ta rufe ni a waje, na rasa wacce ce tamu, na yi ta bin ƙofofi ina kasa kunne ko zan ji kukan jariri. Tun ranar na daina fita.

Rana ba ta fitowa. Ruwa kullum, ba irin namu mai zuwa da ƙarfinsa ya wuce ba, wani yayyafi marar zuciya. Azahar, la'asar da magariba suna tako dugadugan juna, kafin ka naɗe sallaya wata ta shigo. Ba ladan, sai waya ce ke kiran salla. Ba zakara, ba kukan jaki, ba sallamar maƙwabciya mai neman gishiri. Ni da na saba kafin hantsi na gaisa da rabin unguwa, sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai jariri.

Namiji ne. Aka sa masa sunan mahaifinta, marigayi maigidana, Allah Ya ji ƙansa. Ragon suna a Karare aka yanka, mu a waya muka gani. Kun ga ke nan sunan ya fi ƙarfin bakinmu mu biyu: ita ɗan farinta ne kuma sunan ubanta, ni kuma sunan mijina. Sai na riƙa ce masa Maigida. Ina ce masa, “Maigida, ka kawo ni ƙasar sanyi ka ajiye, ko cefane ba ka bayarwa. In ba ka gyara ba zan kai ƙararka.”

Wankan jego na so in yi mata yadda ya kamata. Babu darbejiya, babu tukunya, babu itace. Na yi ta dafa ruwa a butar lantarki ina tarawa a bokiti, na bar ƙofar banɗaki buɗe, tururi ya cika ɗakin. Sai wani abu a rufi ya kama ihu kamar an shigo gari. Gidan duka aka fito, maza da mata, wasu ba takalmi, aka tsaya cikin ruwa har motar kashe gobara ta zo. Ba wanda ya ce mini komai, sai Hajara da ta raɓo ta ce, “Mma, ka tara mutane kamar ranan Idi, ba ka ba su ko goro ba.” Na yi dariya a baki. Amma daga ranar ko maɓallin fitila ina tsoron taɓawa.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Malama ta yi kunyar ɗan fari yadda ko a gidan kakata ba za a kushe ta ba. Ba ta kallonsa in ina kallo. Ba ta yi masa wasa. In ya yi kuka sai ta jira ni in ɗauka. In zai sha nono, ta juya baya, ta fuskanci bango, ta lulluɓa da mayafi, kafin ka ce me ta cire shi ta ajiye. Ni kuwa raina yana fari. Ina cewa a zuciyata, boko bai ɓata ta ba, gwaggonta ta yi tarbiyya. Ban taɓa ce mata ta yi ba, ban kuma ce ta bari ba. Tsakaninmu maganar ba ta da yawa: “Inna, an tashi lafiya?” “Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki?” Shi ke nan.

Ba ta yi arba'in ba ta koma aji, don karatun ba ya jiran maijego. Takan tatsa nono a kwalba ta bar mini. Da farko kwalbar tana cika. Daga baya rabi. Daga baya abin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba.

Zango na uku, zuwan mai sikeli. A ƙasar, in mace ta haihu, akwai ma'aikaciyar lafiya da ke biyo ta gida. Tamu wata dattijuwar Baturiya ce mai furfura, kuma zan faɗi alherinta: kullum sai ta cire takalminta a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ta cire. Takan tuɓe yaron tsirara ta ɗora a faranti, yadda ake auna gyaɗa. Zuwanta na farko ta tambayi sunansa. Malama ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta nuna mata takarda da yatsa. Matar ta juyo gare ni da murmushi, tana nuna yaron, alamar ni in faɗa. Ni ma na kau da kai. Na ga tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Ta sake zuwa, ta sake zuwa. Yaron ba ya ƙaruwa. Wuyan hannunsa kamar kara, kukansa ya koma na ɗan akuya. Matar takan miƙa wa Malama shi, Malama ta karɓa da gefen ido ta miƙo mini. Suka yi doguwar magana da Turanci. Na ji a muryar Malama tana yi mata bayanin al'adarmu, matar tana gyaɗa kai. Amma sikeli ba ya jin al'ada. Da ta tafi na tambaya, Malama ta ce, “Ba komai, Inna.”

Hajara ce ta fasa mini ƙwan, ranar da ta kawo mana tuwon masara irin nasu. Ta ce mai sikeli ta ce in yaron bai ƙaru ba nan gaba kaɗan, asibiti za a kwantar da shi da uwarsa, kuma masu kula da yara na hukuma za su shigo maganar, don ana ganin uwar ba ta shaƙu da ɗanta ba. Ta ce in aka kwantar da su, karatu ya tsaya, masu biyan kuɗin makaranta ba sa biya sau biyu, takardar zama ma ta ƙare. Ta ce, “Mma, ɗan yana ramewa, uwan yana ramewa. A aji yana zaune kamar gunki. Da shi ne mai surutu duka.”

Na yi abin da na sani. Na dama kunun kanwa safe da yamma. Na sa aka gaya wa mijinta a yi saukar Alƙur'ani a Karare. Na zargi sanyi, na zargi abincin gwangwani, na zargi bakin mutane, har mai sikelin na zarga, na ce yawan auna yaro ba alheri ba ne. Kowa na zarga. Mutum ɗaya ce ban duba ba, wadda ke zaune a kan katifa tana jan tasbaha, idonta biyu a kan uwa da ɗa daga asuba har isha.

Zango na huɗu bai fi taku kaɗan daga katifata ba.

Wata ranar Asabar, ba aji, bayan azahar gyangyaɗi ya ɗauke ni a zaune. Da na farka, gado ba kowa. Ba uwa, ba ɗa. Famfo yana zuba a banɗaki. A ƙarƙashin ƙarar ruwan na ji wata murya ƙasa-ƙasa, kamar waƙa. Ƙofar ba ta kama sosai ba. Na leƙa.

Tana zaune a kan murfin masai, yaron a ƙirjinta, ba mayafi, ba juya baya. Ta sa hancinta cikin gashinsa. Tana kiran sunansa, sunan nan da rabona da in ji shi a bakin wani nawa tun ranar da aka fita da mai shi. Tana kira tana maimaitawa, tana yi masa 'yar waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi, hawaye yana sauka a kumatunsa. Shi kuwa yana sha, yana haɗiya da ƙarfi har ina jiyowa, ɗan hannunsa yana riƙe da yatsarta. Ta buɗe famfon ne don kada in ji.

Abin da ya fara zo mini fushi ne. Banɗaki, matattarar shaiɗanu, inda ko sunan Allah ba a ambata, a nan za a shayar da jinjiri? Amma ban shiga ba. Na ja ƙofar a hankali, na koma na zauna, na rufe ido kamar ban farka ba.

A zaunen nan na yi tunanin da ban taɓa yi ba. A gida, kunyar ɗan fari ta tsakar gida ce. Uwa takan kau da kai a gaban surukai da iyaye, amma tana da ɗakinta, tana da asabari. In ta saki asabarin nan, abin da ke tsakaninta da ɗanta sai Allah. Ga hannaye da yawa, wannan ta ɗauka, waccan ta goya, kakar ma tana can tana sussuka ko ta tafi barka. Ba wanda ya taɓa cewa a yi kunya dare da rana ba hutu. Waɗanda suka bar mana al'adar, a gida mai faɗi suka yi ta. Mu kuwa muka ɗauko ta muka zuba a ɗaki ɗaya. Yarinyar nan ba ta da inda za ta ɓuya daga idona sai kan masai.

Da ta fito ta kwantar da shi, ta koma teburinta. Na bari aka yi la'asar. Sannan na ɗauki mayafina da bargon da Hajara ta ba ni, na ce ɗakin ya ishe ni, zan ɗan sha iska. Ta ce, “Inna, ina za a je? Ba a san ko'ina ba.” Na ce a ba ni katin ƙofa kawai. Na yage bakin tsohon ɗankwalina na ɗaura a mariƙin ƙofar don in gane ta, na fita.

Zango na biyar, matakala. Waje ruwa, kuma ina tsoron titi. Wurin girki ina tsoron abin da zan taɓa ya yi ihu. Sai na sami matakalar bene ta baya, wadda ba a cika bi ba, na zauna. Sanyin simintin nan yana ratsa bargo ya shiga ƙashi. Fitilar wurin kuma wata iri ce: in ka zauna shiru ba motsi, sai ta ɗauka ba kowa, ta mutu. Sai ka ɗaga hannu ka kaɗa, ta dawo. Haka nake zama, ina tasbihi, duhu ya rufe ni, in kaɗa hannu, haske ya dawo, in ci gaba. Tsohuwa da jikoki, a ƙasar mutane, tana yi wa fitila alamar tana nan da rai.

Haka na mayar da shi aiki. In Malama tana aji, ina kulle da Maigida. Tana shigowa, mu gaisa, in miƙa shi, in ɗauki bargona. Ba na dawowa sai salla ta kira ni, in idar in sake fita.

A nan Hajara ta tsince ni wata rana. Ta riƙe ƙugu ta ce, “Mma, an kore ka ne, ko kana jiran saurayi?” Na ce iska nake sha. Ta dube ni, ta dubi bangon da ba taga, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ja ni wurin girki, ta zaunar da ni kusa da wani ƙarfe mai ɗumi a jikin bango, ta ce wannan ba ya ihu.

Ashe a nan 'yan ajinsu ke taruwa da yamma, kowa da kwamfutarsa, suna gardama kamar masu rabon gado. Hajara takan juyo ta fassara mini abin da ta ga dama. Akwai wata 'yar siririya mai suna Nasrin, daga wata ƙasa can gabas, wadda ta ce su ruwa ne ke cinye makarantunsu kowace damina, har a cikin kwalekwale ake karatu. Akwai wani mai gemu da ya koyar a sansanin 'yan gudun hijira, ajinsa tanti ne, ɗalibansa kowa da harshensa. Akwai wadda a ƙasarsu malamai ke barin aji su tafi neman abinci. Ni da na zaci mu kaɗai Allah Ya jarraba. Ranar nan gardamarsu a kan wani tsarin koyarwa ce da aka yi a ƙasar masu hali ya yi kyau, aka kwashe shi ɗungurungum aka kai ƙasar talakawa. Wasu na cewa tsarin ne ba kyau, wasu na cewa wurin ne bai karɓe shi ba. Ba su gama ba har aka tashi. Nasrin ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, amma kullum sai ta haɗa mini shayi mai citta ta ajiye a gabana, ta ce “Assalamu alaikum, Amma,” wato uwa a harshensu, in ji Hajara. Iyakar maganarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Malama kuwa ta ɗauka fushi nake yi. Wata rana na idar da magariba zan ɗauki bargo, sai ta durƙusa a gabana, kanta a ƙasa, ta ce, “Inna, in wani laifi aka yi, a yafe. An bar gida an zo saboda ni, ga shi ko zama ɗaki ɗaya an kasa yi da ni.”

Ban iya dubanta ba. Abin da ke bakina ba a faɗa wa 'yar fari ido da ido. Sai na ɗauki yaron, na juya wajen taga, na yi magana da shi.

Na ce, “Maigida, gaya wa uwarka ba ta yi mini laifi ba. Gaya mata lokacin da aka haifi wata yarinya a Babban Duhu, uwar yarinyar tana da ɗaki mai asabari. A tsakar gida ba ta kallonta. Amma in ta saki asabarin, takan ɗora ta a ƙirji har hannunta ya mutu, takan kira sunanta har ta gaji. Ranar da aka tafi da yarinyar Batsari, uwar ta yi dariya a gaban mutane, ta shiga bayan rumbu ta daɗe ba ta fito ba. Gaya mata nan ba asabari, shi ya sa nake fita. In na fita, ɗakin nata ne da kai. Kuma kada a sake kai mini miji banɗaki.”

Na ji numfashinta ya canza. Na kwantar da shi a gado, na ɗauki bargona na fita, ban waiwaya ba.

Ba rana ɗaya abin ya gyaru ba. Zuwan mai sikeli na gaba, yaron bai ragu ba, bai ƙaru ba. Ta ce za ta ƙara jira kaɗan, ta kuma haɗa Malama da wata mai koya wa mata dabarun shayarwa. Ranar ina ganin ta cire takalmi na fita na bar su. Na gaba, ya ɗan motsa. Kwalbar da ake bar mini ta fara hawa. Sai ga kumatu, sai ga wuya ya yi layi. Ranar da matar ta gamsu, ta biyo ni har wurin girki da takalminta a hannu, ta dafa kafaɗata ta yi wata magana mai tsawo. Hajara ba ta nan, don haka har yau ban san me ta ce ba. Maganar asibiti dai ba a sake tayar da ita ba.

Sauran watannin haka na yi su. Ni da 'yata kamar rana da wata, in ɗaya ta shigo ɗaya ta fita. Na tsallaka duniya don in zauna da ita a karon farko tun tana nono, sai ya zama taimakon da zan yi mata shi ne kada ta gan ni. Garin ban san shi ba. Makarantar tasu ma sau ɗaya na gan ta, ta tagar mota, ranar da za a mai da ni filin jirgi, don takardata ta ƙare kafin ta gama kundinta. A bakin motar ta durƙusa ta yi mini sallama, yaron yana goye a bayanta. Tun da na zo ban taɓa ganin ta goya shi ba.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare.

Mai “'yar'uwa, 'yar'uwa” ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shari'arsa tana gaba. Mai sikeli, an ce ta ajiye aiki ta koma kusa da jikokinta, Allah Ya shirye ta, Ya saka mata. Hajara da Nasrin su suka riƙa karɓar yaron bi da bi har Malama ta gama rubutunta. Nasrin ta koma ƙasarsu ta ruwa. Hajara tana Gana, ta zama shugabar makaranta, takan kira ni ranar Salla ta ce, “Mma, kana nan da rai?” Gwaggon Malama ta rasu kafin su dawo, ba ta ga yaron ba sai a waya.

Malama ta dawo da takardar digirinta. Makarantar bayan Tsaskiya har yau a rufe take, kundin bai buɗe ta ba. Amma a nan Batsari tana tara yaran da aka koro daga ƙauyuka tana koya musu da yamma, kuma ana kiranta ta horar da malamai yadda za su karɓi yaron da ya daɗe rabonsa da aji. Maigida yana gudu yanzu, ya fi kowa ƙiba a gidansu, har yau bai ba ni kuɗin cefane ba.

Ni kuwa gwiwoyina ba su yafe wa matakalar nan ba, da zama nake salla. Ranar Juma'a sukan zo gaishe ni. A gabana ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa, yadda ya kamata. Mukan gaisa, in tambayi mutanen Karare, a sha ruwa. Sannan sai in tuna ina da saƙo a maƙwabta, in ɗauki sandata, in ja musu ƙofa.